Allurar da ba ta barin lamba: tarihin adadin rigakafin ƙyanda a Nijar, idan an dube shi daga Magariya

0. Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe rahoton ma'aikatar lafiya ko na ƙungiyoyin duniya a kan Nijar zai tarar da wani layi mai cewa kashi kaza bisa ɗari na ƙananan yara sun samu allurar rigakafin ƙyanda. Binciken gida-gida na 1992 ya ba da kimanin kashi 28. Na 2012 ya ba da kimanin kashi 69. Idan aka tsaya nan, labarin gajere ne kuma mai daɗi: an yi ƙoƙari, an ci gaba. Amma masanin tarihi ba ya karɓar takarda sai ya tambayi wanda ya rubuta ta, da yadda ya rubuta ta, da abin da ya bari a waje. Adadi ma takarda ne.

Manufar wannan ƴar maƙala ita ce mu bi sawun wannan adadi tun daga shekarun 1960, mu ga yadda ake haɗa shi, sa'annan mu auna shi da halin da ake ciki a gundumomin Magariya da Dungas, kudancin jihar Damagaram, a bakin iyakar Najeriya. Abin da muke son nunawa shi ne: allurar ƙyanda ba ta barin tabo a jikin yaro, saboda haka ba a iya ganin ta da ido, sai dai a ƙirga ta ta hanyar rajista, ko karne, ko maganar uwa. Ke nan tarihin adadin tarihin waɗannan shaidu uku ne. Kuma tun da shaida ta uku magana ce da Hausa, batun ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye.

1. Sunayen ciwon da sunayen allurar

Bahaushe yana da aƙalla suna uku na wannan ciwo. Akwai ƙyanda, wadda ita ce aka fi rubutawa a littattafai. Akwai baƙon dauro, wanda aka fi ji a Kano da kewaye. Akwai kuma dusa, wadda ta fi yawa a bakin mutanen Nijar. Biyun ƙarshe duka kwatance ne da aka ɗauko daga hatsi: ƙurajen da ke fesowa ƙanana ne kamar ƙwayar dauro, fatar da ke saɓulewa bayan zazzaɓi ya sauka kuwa kamar dusar gero take. Kalmar baƙo tana nuna wani abu kuma. Ciwon da ake tsoro ba a cika kiran sunansa tsirara ba. Ana sakaya shi, ana girmama shi kamar wanda ya sauka a gida, ana jiran ya tashi. Haka aka yi wa agana, da ake ce wa ƴan rani. Sunan baƙo ya dace da yadda ciwon ke tafiya: yana zuwa da rani, ya yi ɓarna, ya ɓace da damina, wani lokaci a yi shekara biyu ko uku ba a gan shi sosai ba.

Ta gefen allurar ma kalmomi uku ne: lamba, allura, rigakafi. Rigakafi kalma ce mai faɗi, ta girmi likitancin Turawa, tana ɗaukar laya da rubutu da saiwa. Allura sunan kayan aiki ne, ba ta bambanta ta magani da ta kariya. Lamba ita ce mai tarihi. Asalin ma'anarta alama, kuma ta zama sunan rigakafin agana domin wannan rigakafi yana barin tabo a dantse wanda ba ya gogewa. A zamanin yaƙi da agana, mai bincike yana iya shiga gari ya ɗaga hannun riga ya ƙirga waɗanda aka yi wa, ba tare da ya tambayi kowa kome ba. Rigakafin tarin fuka, wato BCG, shi ma galibi yana barin tabo. Na ƙyanda ba ya bari. Wannan bambanci shi ne tushen dukan matsalar ƙirgen da za mu gani a gaba.

2. Zamanin ayarin allura, 1962 zuwa 1972

An ba da izinin amfani da rigakafin ƙyanda na farko a Amurka a 1963, daga aikin John Enders da abokan aikinsa. Abin lura shi ne Afirka ta Yamma ba ta zo a baya ba. An gwada maganin a Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Haute-Volta, tun 1961, kuma daga ƙarshen 1962 aka yi gangamin da ya kai ga yara fiye da dubu 700 a ƙasar. Sakamakon ya sa sauran ƙasashen da Faransa ta mulka, ta hannun ƙungiyarsu ta yaƙi da manyan cututtuka, OCCGE, mai cibiya a Bobo Julaso, suka nemi a yi musu irinsa. Ministocin lafiya na lokacin ƙyanda ce ta fi damun su, domin ita ke kashe yara kowace shekara. Masanan Amurka kuwa agana suke son kawarwa. Aka haɗa buƙatun biyu cikin shiri ɗaya, wanda hukumar agaji ta Amurka, USAID, ta ba kuɗi, cibiyar CDC ta Atlanta ta gudanar, a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar da Najeriya. Aikin fili ya kankama a 1967.

Salon aikin gado ne daga ayarin likitocin mulkin mallaka, irin wanda Eugène Jamot ya kafa domin ciwon barci: mota ta zo, sarki ya sa a yi shela, jama'a su yi layi, a yi musu, mota ta wuce. Sabon abu shi ne bindigar allura da ake takawa da ƙafa, wadda ke iya yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. A 1969 aka yi bikin lamba ta miliyan 100 ta wannan shiri a garin Bubon, kusa da Yamai. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Afirka ta Yamma, a Najeriya.

Ƙyanda kuwa ta ja da baya, sa'annan ta komo. Gambiya ce kaɗai ta iya tsayar da yaɗuwarta na ƴan shekaru. Dalilin bambancin a fili yake. Agana tana tafiya a hankali, ana iya kewaye mai ita a yi wa na kusa da shi. Ƙyanda tana bin iska, kuma mutum guda yana iya harbin 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta da kariya. Ayari yana kare yaran da ya tarar, amma washegarin tafiyarsa ana ci gaba da haihuwa. Da kuɗin shirin suka ƙare a farkon shekarun 1970, fari kuma ya sauko wa Sahel, sai zuwan ayarin ya zama jefi-jefi. A wannan zamani abin da ake ƙirgawa yawan allurar da aka yi ne. Tambayar kashi nawa na yaran ƙasa aka kare ba ta riga ta zama ma'auni ba.

3. Shirin PEV da shekarun 1990

Ma'aunin kashi bisa ɗari ya zo ne da faɗaɗɗen shirin rigakafi, PEV, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙaddamar a 1974 domin cututtuka shida: tarin fuka, mashaƙo, sarƙe-haƙora, tarin shiƙa, shan inna da ƙyanda. Tunanin ya sauya: maimakon a jira mota, kowane yaro zai bi jadawali tun daga haihuwa, allurar ƙyanda ta zo a ƙarshe, yana da wata tara. An zaɓi wata tara ne domin kafin nan kariyar da jariri ya gada daga jikin uwarsa tana hana maganin kamawa, bayan nan kuwa ciwon yana iya riga allurar zuwa. Tun da ita ce ta ƙarshe a shekarar farko, sai ta zama ma'aunin ko tsarin lafiya yana iya riƙe uwa da ɗanta har wata tara. Shi ya sa daga baya aka sa ta cikin ma'aunan muradun ƙarni na shekarar 2000.

A tsakiyar shekarun 1980 UNICEF da OMS suka sa burin kaiwa ga kashi 80 na yaran duniya kafin ƙarshen 1990. Nijar ta kafa nata shirin PEV na ƙasa a ƙarshen shekarun 1980, ta shiga tseren a makare kuma da ƙarancin gidajen likita. Tsakanin Oktoba 1990 da Afrilu 1991 an rubuta fiye da mutum dubu 13 da suka kamu da ƙyanda a birnin Yamai kaɗai, inda likita ta fi kusa da kowa.

Ga abin da manyan binciken gida-gida na ƙasa suka bayar, a kan yara masu wata 12 zuwa 23 da suka samu allurar ƙyanda, tare da yawan yaran da ke mutuwa kafin shekara biyar cikin kowane dubu:

1992: kimanin kashi 28, mutuwa 318
1998: kimanin kashi 35, mutuwa 274
2006: kimanin kashi 47, mutuwa 198
2012: kimanin kashi 69, mutuwa 127

Tafiyar hawainiya ta shekarun 1990 ba ta da wuyar fassarawa ga wanda ya rayu a cikinsu. Bayan taron ƙasa na 1991 baitulmali ya ƙafe, albashi ya riƙa yin watanni bai fito ba, yajin aiki ya yawaita. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake sayowa daga waje suka ninka kuɗi. Juyin mulkin 1996 da na 1999 suka sa masu ba da agaji suka janye hannu. Tsarin biyan kuɗin magani da ya biyo bayan shawarar Bamako ta 1987 ya taimaka wajen samar da ƙwayoyi a gidajen likita, amma ya sa talaka ya riƙa lissafi kafin ya je. Ko da yake allurar kyauta ce, uwar da ba ta saba zuwa likita ba ba za ta je domin ɗa mai lafiya ba. A duka binciken farko guda biyu, adadin birane ya ninka na karkara fiye da sau biyu.

4. Darasin Miriya, 2003, da abin da ya biyo baya

A 2003 Nijar ta ba da rahoton mutum 50.138 da suka kamu da ƙyanda, da mutuwar 201, wato huɗu cikin dubu. Wata ƙungiyar masu bincike ta shiga ƙauyuka 22 na gundumar Miriya, maƙwabciyar Magariya ta arewa, ta bi gida-gida. Cikin mutum 945 da suka yi ciwon, 92 sun mutu, kusan ɗaya cikin goma. An buga wannan sakamako a 2006. Tsakanin huɗu cikin dubu da ɗaya cikin goma akwai ninki fiye da ashirin. Ba wanda ya yi ƙarya: rajistar likita tana rubuta wanda ya mutu a gadonta ne, yaron da aka koma da shi gida ya cika bayan kwana biyar ba ya cikinta. Wannan misali ya isa ya nuna nisan da ke iya kasancewa tsakanin adadin ofis da abin da ƙauye ya binne.

Daga Nuwamba 2003 zuwa tsakiyar 2004 Yamai ta sake ganin annoba, da mutum kusan dubu 11. A Disamba 2004, aka ƙarasa a 2005, Nijar ta yi babban gangamin ƙasa ga duk yaro daga wata tara zuwa shekara 14, da tallafin haɗin gwiwar yaƙi da ƙyanda da aka kafa a 2001. Masu kamuwa suka ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo.

Hawan da aka gani tsakanin 2006 da 2012, wanda shi ne mafi girma a jadawalinmu, ya zo daidai da abubuwa uku. Na ɗaya, ɗakunan shan magani na ƙauye da aka giggina ƙarƙashin shiri na musamman na shugaba Tanja Mamadu daga 2001, waɗanda suka kai wajen dubu biyu. Na biyu, dokar 2006 da ta sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar ya zama kyauta. Na uku, kuɗin ƙawancen Gavi, da aka kafa a 2000, da tsarin kai rigakafi ga kowace gunduma: waɗanda ke cikin kilomita biyar su zo da ƙafarsu, na kilomita biyar zuwa 15 ma'aikaci ya je musu a kan babur, na nesa da haka a tura musu mota. A 2014 aka ƙara allura ta biyu a shekara ta biyu ta rayuwar yaro. Abin da za a iya karantawa a nan shi ne adadin yana hawa ne idan allura ta matso kusa da gidan uwa kuma ta zauna.

Duk da haka baƙon bai daina zuwa ba. A 2008 ya ɓulla a jihohin Damagaram da Maraɗi har aka yi gangamin gaggawa. A 2019 an rubuta wajen mutum dubu 10 a ƙasar. A watanni ukun farko na 2021, bayan rikicewar da cutar korona ta jawo wa ayyukan rigakafi, an rubuta 3.213, kusan ninki uku na daidai lokacin a 2020.

5. Shaidu uku

Shaida ta farko rajista ce. Ma'aikaci yana yin ƴar alama duk lokacin da ya yi allura, a tara a ƙarshen wata, a aika gunduma, a aika jiha, a aika Yamai. Sai a raba wannan jimla da yawan yaran da ake zaton akwai. Matsalar tana wurin kalmar zato. Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012. Tsakanin ƙidaya da ƙidaya lissafi ake yi. Idan lissafin ya gaza yawan yaran da ke ƙasa, gunduma tana iya ba da rahoton fiye da kashi 100 alhali akwai ƙauyukan da ba a taɓa ba.

Shaida ta biyu karne ne, wato katin da ake ba uwa. Shi ya fi kowace shaida ƙarfi idan yana nan. Amma takarda ce a ɗakin da ke da gara da ɗigar ruwa, kuma tana iya zama a gidan miji alhali uwa ta tafi wankan jego gidan iyayenta. Allurar gangami sau da yawa ba ta shiga cikinsa. Tawada ake shafa wa yaro a ɗan yatsa, lamba ce mai gogewa cikin ƴan kwanaki.

Shaida ta uku maganar uwa ce, wadda mai bincike ke komawa gare ta idan karne ya ɓata. A nan ne aikinmu yake. Tambayar da Faransanci aka tsara ta, da Hausa take isa kunnen matar Bande ko Waca. Idan mai tambaya ya ce ƙyanda ga wadda ta san dusa, amsar tana iya karkacewa. Idan ya ce lamba, tana iya tuna tabon BCG ta ce e. Idan ya ce rigakafi, tana iya nufin ɗigon shan inna da aka yi shekaru ana bi gida-gida da shi. Masu tsara tambayar suna ƙoƙarin taimakawa da kwatance, su ce allurar dantse ta wata tara. Sai dai a jadawalin Nijar allurar shawara ma a wannan rana ake yin ta, kuma wata tara na uwa watan sama ne, da ake ƙirgawa da azumi da salla da girbi. Akwai kuma kunya da ladabi: baƙon da ya zo da mota da takarda ba a cika son ce masa a'a ba.

Daga waɗannan shaidu OMS da UNICEF suke fitar da ƙiyasinsu na ƙasa, wanda jerinsa ya fara daga 1980. Kowace shekara suna sake duba shi, har da na shekarun baya. Saboda haka ɗalibin da ya ɗauko adadin shekara guda daga bugu biyu yana iya samun lambobi biyu, kuma wajibi ne ya faɗi bugun da ya yi aiki da shi. A ƙarshen shekarun 2010 ƙiyasin Nijar na allura ta farko yana kusa da kashi 80, na duniya kuwa 86 a 2019. Abin da ake buƙata domin a toshe wa ciwon hanya shi ne kashi 95, da allura biyu, a kowace gunduma.

6. Idan an dube shi daga Magariya

Magariya tana da tazarar kimanin kilomita 90 kudu da Damagaram. Ƙasa ce ta gero da gyaɗa, tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a karkarar Nijar. An cire Dungas daga cikinta a 2011, kuma a ƙidayar 2012 gundumomin biyu tare sun haura mutum dubu 900. Binciken ƙasa ba ya sauka zuwa gunduma. Na 1998 ma haɗa Damagaram da Difa ya yi a layi ɗaya. Ke nan mai son sanin halin Magariya sai ya yi aiki da hankali a kan abubuwa uku.

Na farko lissafi ne. Kashi bisa ɗari yana ɓoye yawan kawuna. Jama'ar Nijar sun tashi daga kimanin miliyan 7,2 a 1988 zuwa miliyan 17,1 a 2012. Mu ɗauka inda akwai yaro 100 a 1992 akwai 200 a 2012. A na farko 72 ba su samu allura ba. A na biyu kashi 31 na 200, wato 62. Adadin ya ninka fiye da sau biyu, amma yawan yaran da ciwon zai iya kamawa ɗan kaɗan ya ragu, kuma ƙwayar cuta kawuna take bi. Ƙari a kan haka, allurar wata tara tana kama kimanin 85 ne cikin 100. Mu yi misali da gundumominmu biyu: a ce ana haihuwar yara dubu 40 a shekara, a ce kashi 80 sun samu allura ɗaya. Waɗanda suka karu su ne kashi 68. Saura kusan dubu 13 kowace shekara. Cikin shekara uku sun kusa kai yawan haihuwar shekara guda cur, wanda shi ne matakin da masana ke ɗauka alamar annoba ta kusa. Wannan ne ya sa ake maimaita gangami bayan shekara uku ko huɗu, kuma jinkirin shekara ɗaya yana da tsada.

Na biyu iyaka ce. Layin da Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, aka kafa masa turaku har zuwa 1908, ya ratsa jama'a ɗaya. Mutanen Magariya da Dungas suna cin kasuwar Maigatari da Ɓaɓura, suna aure da Daura da Zango da Ɓaure. Binciken Najeriya na 2013 ya ba da kashi 42 ga ƙasar baki ɗaya, yankin arewa maso yamma kuwa, inda Jigawa da Katsina suke, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shekara goma kafin nan, daga 2003 zuwa 2004, jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin da aka yi wa maganin, kuma maganar da aka yi da Hausa a rediyo da masallaci ba ta tsayawa a shingen kwastan. Ta ɗaya gefen, uwar da ta ƙetaro daga Jigawa aka yi wa ɗanta allura a Nijar tana ƙara saman lissafi ba tare da ta shiga ƙasansa ba. Nazarin da Nita Bharti da abokan aikinta suka buga a 2010 ya nuna cewa gundumomin Nijar da manyan hanyoyin ƙetare iyaka ke ratsawa su ne ƙyanda ta fi saurin sake ɓulla a cikinsu bayan damina. Sanƙarau na ƙarshen 2022 da farkon 2023, wanda ya fi tsanani a Dungas lokacin da Jigawa ma ke fama da shi, ya bi wannan taswira.

Na uku ci-rani ne. Matthew Ferrari da abokansa sun nuna a 2008 cewa ƙyandar Yamai tana da ƙarfin yanayi fiye da wadda aka sani a Turai kafin rigakafi, kuma girman annobarta ba ya bin tsari daga shekara zuwa shekara. A 2011 ƙungiyar Bharti ta auna hasken fitilun dare na Yamai da Maraɗi da Damagaram daga tauraron ɗan Adam, ta ga yana ƙaruwa da rani daidai lokacin da ciwon ke tashi. Abin da tauraro ya gani manomi ya daɗe da ba shi suna. Bayan girbi mutane suna kwarara birni, wasu da mata da yara, su koma da saukar ruwa. Yaron da ya cika wata tara a kan hanya ba ya cikin lissafin ƙauye, ba ya cikin na birni.

A ƙara da wani ƙaramin abu na sana'a. Maganin gari ne a kwalba mai ɗaukar yara goma, ana ajiye shi cikin sanyi, kuma da zarar an dama shi sai a zubar da abin da ya rage bayan awa shida. Ma'aikacin da ke tsoron asara yakan ce wa uwa ta dawo ranar da yara suka taru. Idan ta yi tafiyar awa biyu a rairayi da goyo, lokacin noma, wannan dawowar ba ta da tabbas.

Dalilin da ya sa duk wannan yake da nauyi a Magariya shi ne haɗuwar ƙyanda da tamowa. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga aiki a sashen yara na asibitin garin, kuma a damunar 2018 yaran da ke kwance a can sun haura 700 a lokaci guda, galibi saboda zazzaɓin sauro da tamowa. Yaron da ya rame, wanda sinadarin bitamin A ya yi ƙaranci a jikinsa, shi ne ƙyanda ke kashewa ko makantarwa, kuma wanda ya tsira yakan yi watanni jikinsa ba ya iya kare kansa daga gudawa da ciwon huhu.

7. Kammalawa

Mun ga adadin ya ratsa zamani uku: na ayari, da ake ƙirga allura, na PEV, da aka fara ƙirga yara, da na bayan 2004, da aka haɗa jadawali da gangami. Hawansa gaskiya ne, kuma yara da yawa suna raye saboda shi. Amma adadi ne na ƙasa, ciwon kuwa na gunduma ne da kasuwa da hanya, kuma a Magariya rabin hanyoyin a wata ƙasa suke ƙarewa.

Akwai aiki uku da sashe irin namu zai iya ɗauka. Na ɗaya, a zana taswirar sunayen ciwon da na allurar, gari-gari, daga Yekuwa da Kwaya zuwa Malawa da Dogo-Dogo, a ga inda dusa ta tsaya baƙon dauro ya fara. Na biyu, a naɗi yadda masu bincike ke juya tambayar rigakafi zuwa Hausa a bakin ƙofa, a gwada da abin da aka rubuta musu da Faransanci. Na uku, a ɗauki tsofaffin rajistocin gidajen likita na gundumomin biyu a matsayin kayan tarihi, a adana su kafin gara ta riga mu. Ɗaliban da suka fito daga yankin, masu jin karin harshen kuma masu iya shiga cikin gida, su ne suka fi cancanta da wannan aiki.